Zuwa da Kai ko Saƙo: Tarihin Tabbatar da Takarda daga Nesa, daga Fataucin Sahara zuwa Unguwar Gataa El Oued

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa zuwa da kai ya fi saƙo. Maganar gaskiya ce, sai dai ba kullum ne mutum yake da ikon zuwa da kansa ba. Falken da ke Gat yana bin wani bashi a Kano, ko ɗan ci-ranin da ke Aljeriya aka tashi rabon gadon mahaifinsa a Kance, tilas ne ya nemi hanyar da maganarsa za ta isa inda ƙafarsa ba ta isa ba, kuma ta isa a matsayin hujjar da alƙali zai karɓa. A wasu ƙasashe a yau, mutum yakan zauna gaban kwamfuta ko waya, ya haɗu ta bidiyo da jami'in da hukuma ta ba hatimin tabbatar da takardu, wato notari, ya nuna katin shaidarsa, ya sa hannu, a buga masa hatimi ba tare da ya taka ko'ina ba. Na'urar sabuwa ce, amma matsalar da ta zo warwarewa ta daɗe.

Wannan takarda za ta bi sawun matsalar tun daga littattafan fiƙihun Malikiyya da wasiƙun fatake, har zuwa dokokin wannan zamani. An ɗauki unguwar Gataa El Oued ta birnin Tamanrasset, a kudancin Aljeriya, a matsayin wurin tsayawa, saboda tana cikin wuraren da ake jin Hausa a can ƙetaren hamada, kuma mazaunanta da yawa suna da gona ko gida ko iyali a nesa.

2.0 Abin da Kalmomi Suka Adana

Kafin a shiga tarihi, yana da kyau ɗalibin harshe ya lura da cewa kusan duk kalmomin da Hausa ke amfani da su a wannan fage ta arewa suka shigo. Alƙali, alƙalami, hujja, shaida, wakili, adali da hatimi duk daga Larabci suke. Kalmar takarda kuwa, masana suna danganta shigowarta da harshen Abzinawa, wanda shi ma ya samo ta tun da daɗewa daga kalmar Latin mai nufin abin rubutu. Wato ita kanta kalmar ta ƙetare Sahara kamar yadda hajar ta ƙetaro, domin takardar da malamai da fatake suka fi rubutu a kai a ƙarni na 19, mai alamar jinjirin wata uku, a arewacin Italiya ake yin ta, a sauke ta a Turabulus ko Misira, raƙuma su kawo ta Kano.

Wadda ta fi ɗaukar hankali ita ce wasiƙa. A Hausar yau wasiƙa saƙo ne kawai da ake rubutawa a aika. Amma asalinta na Larabci, wathiƙa, yana nufin rubutacciyar hujja da ake dogara da ita, daga tushen kalma mai ma'anar amincewa da ɗaurewa. Da wannan ma'ana ce Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya sa wa sanarwarsa ga mutanen Sudan suna Wathiƙa. Daga wannan tushe ne kuma Larabcin hukuma a Aljeriya ya samo sunan notari, wato muwathiƙ. Ke nan Bahaushen da ya tsaya gaban allon ofishin muwathiƙ a Tamanrasset yana kallon ɗan'uwan kalmar da ya sani tun yana yaro, ko da bai gane shi ba. Sauyin ma'anar ba abin mamaki ba ne, domin a ƙasar da hujja takan yi tafiyar watanni a cikin gafaka, hujja da saƙo abu ɗaya suka zama.

3.0 Yadda Fiƙihu Ya Tunkari Nisa

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka, ayar da ke biye da ita kuma ta yi maganar matafiyi da bai sami marubuci ba, inda aka ba da damar karɓar jingina. Duk da haka, malaman fiƙihu na farko ba su ɗauki takarda ita kaɗai a matsayin hujja ba. Dalilinsu shi ne rubutu yana kama da rubutu, ana iya kwaikwayonsa, ana iya kankare shi. Abin da alƙali ke dogara da shi shi ne bakin adilai biyu da suka tsaya gabansa. Takarda tuni ce kawai ga shaidu.

Wannan ƙa'ida tana da sauƙi a garin da kowa ya san kowa. Tana zama matsala idan shaidun sun mutu, ko kuma suna wata uwa duniya. A nan ne mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta Arewacin Afirka da ƙasar Hausa baki ɗaya, ta yi fice wajen buɗe ƙofofi. A Andalus da Magrib an sami ajin mutane da alƙali ya riga ya tantance adalcinsu, suna zaune a kasuwa ko kusa da masallaci, aikinsu rubuta yarjejeniyar ciniki da aure da wakilci da sa hannu a kai. Su ake kira udul, jam'in adali. Har littattafai aka wallafa don koya musu lafazin da ya dace da kowace irin takarda, kamar na Ibn al-Attar na Ƙurɗuba wanda ya rasu a 1009, da na Wansharisi wanda ya rasu a 1508, mutumin da ya tashi a Tilimsan cikin ƙasar Aljeriya ta yau. Daga Tilimsan ɗin ne kuma Shehu Magili ya fito, ya zauna a Tuwat, sannan ya iso Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). A cikin nasihar da ya rubuta a kan tafiyar da mulki, ya lissafa marubuta da adilai masu shaida cikin ma'aikatan da bai kamata fada ta rasa ba.

Littattafai biyu da alƙalan ƙasar Hausa suka fi riƙewa, wato Mukhtasar na Khalil, malamin Misira na ƙarni na 14, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim na Garnaɗa wanda ya rasu a 1426, sun tanadi hanyoyi da dama ga wanda nisa ya raba da kotu. Akwai wakilci, inda mutum zai naɗa wani a gaban shaidu ya saya ko ya sayar ko ya yi shari'a a madadinsa. Akwai ɗauko shaida, inda mutum biyu za su ji shaidar wanda ba zai iya zuwa ba, da izininsa, su kai ta gaban alƙali. Akwai shaida a kan rubutun hannu: idan shaidan da ya sa hannu a takarda ya mutu ko ya yi nisa, adilai biyu da suka san hannunsa sarai suna iya tabbatar da cewa rubutunsa ne, muddin babu kankara ko wani abin zargi a jikin takardar. Wannan hanya an fi amfani da ita a sha'anin dukiya. Sai kuma wasiƙar alƙali zuwa ga alƙali, wadda ita ce ta fi kusa da abin da hukumomi ke yi a yau. Alƙalin wannan gari zai saurari shaidu, ya tabbatar da hujja, ya rubuta wa takwaransa na wancan gari. Da farko sai an haɗa wasiƙar da mutum biyu da za su raka ta su shaida cewa daga alƙali wane ta fito. Daga baya, saboda wahalar hakan, aikin kotunan Andalus da Magrib ya koma ga karɓar ta idan an gane hannun alƙalin da ya rubuto.

Abin sha'awa a nan shi ne yadda malaman suka auna nisa. Ba da mil ko kilomita suka auna shi ba, da kwanakin tafiya da kuma amincin hanya suka auna. Wanda ke kusa, hukuncinsa kamar na mazaunin gari ne, a aika masa sammaci ya zo ko ya turo wakili. Wanda ke tazarar kwana goma ana iya yanke hukunci a bayansa, ban da abin da ya shafi karɓe ƙasa ko gida daga hannunsa. Kuma tafiyar kwana biyu a hanya mai haɗari daidai take da ta kwana goma a hanya mai aminci. Wanda ya yi nisa ƙwarai kuwa, ana yanke hukunci bayan mai da'awa ya yi rantsuwa, a kuma rubuta sunayen shaidu domin idan mai tafiya ya dawo ya sami abin da zai ƙalubalanta. Duk wanda ya san hanyar da ke tsakanin Arlit da Ingizam zai fahimci hikimar haɗa nisa da tsoro a ma'auni guda.

4.0 Fatake da Manzannin Sarakuna

A ƙarni na 19 Kano ce babbar tashar kudu ga ayarin da ke tasowa daga Turabulus ta Gadamas da Gat da Abzin. Larabawan da suka zauna a birnin sun bar sunansu a unguwanni irin su Dandalin Turawa (a wancan lokaci Larabawa ake kira Turawa) da Alfindiki, daga kalmar Larabci mai nufin masaukin fatake. Lokacin da Heinrich Barth ya iso Kano a farkon 1851 ya tarar da mutanen Gadamas suna cikin manyan masu juya dukiyar kasuwar. Irin waɗannan gidajen kasuwanci sukan ajiye ɗa ko ƙane a Kano, wani a Gat, wani a Timbuktu, uban gida kuma yana Gadamas. Abin da ya ɗaure su shi ne rubutu. A 1982 Bashir Ƙasim Yusha ya buga tarin takardun iyalan Gadamas na ƙarni na 19, daga baya aka fitar da fassararsu ta Jamusanci wadda Ulrich Haarmann ya yi aiki a kanta. A cikinsu akwai lissafin kaya da farashi da bashi da labarin hanya. Ghislaine Lydon, a littafinta na 2009 a kan fataucin yammacin Sahara, ta nuna cewa takarda da fiƙihu da amana su ne suka riƙe wannan ciniki a wuraren da babu hukuma guda da ikonta ya game hanya daga farko zuwa ƙarshe.

Sai dai kada a ɗauka cewa takarda ita kaɗai take tafiya. Kowace wasiƙa tana da mai ɗauke da ita, kuma sanin mai ɗaukar rabin hujja ne. Haka abin yake a fadar Sakkwato. Wasiƙun da aka samu a gidan Waziri Buhari bayan shigar Turawa a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya buga fassararsu a 1927, galibinsu gajeru ne, kuma da yawa ba su da kwanan wata. Hatimi da salon gaisuwa suna nuna daga inda wasiƙa ta fito, amma manzon da aka sani a fadojin biyu shi ne yake cike sauran bayani da baki, shi ne kuma ake kallon fuskarsa a yarda.

Fataken Hausa na hanyar goro kuwa, da yawansu ba su ma dogara da rubutu sosai ba. Abner Cohen ya bayyana a 1969 yadda cinikin shanu da goro a Sabo ta Ibadan ya tsaya a kan maigida, wato mai masauki, wanda ke ajiye baƙo, ya sama masa mai saye, ya kuma tsaya masa idan an karɓi kaya bashi. Sunan maigida shi ne hatiminsa. Idan ya ci amana sau ɗaya labari zai kai Kano kafin ayari na gaba ya taso.

5.0 Tamanrasset da Ƙetaren Kwari

Tamanrasset, ko Tamanghasat a bakin Abzinawa, ba ta cikin tsofaffin biranen fatauci irin su Agadas ko Gat. Lokacin da limamin Kiristan nan Bafaranshe, Charles de Foucauld, ya zauna a wurin a 1905, ƙauyen manoma ne mai gidaje kimanin 20. Faransawa sun karya Abzinawan Ahaggar a yaƙin Tit a watan Mayun 1902, shugabansu Musa ag Amastan ya yi sulhu da su a In Salah a 1904, garin kuma ya girma a matsayin sansanin soja. Alaƙar yankin da ƙasar Hausa ta gishiri da hatsi ce: Abzinawan Ahaggar sukan ɗebo gishirin Amadror su kai Damargu su musanya da gero.

Girman birnin na gaske bayan samun 'yancin Aljeriya a 1962 ya zo. An mai da shi hedikwatar jiha a 1974, kwalta daga arewa ta iso shi a 1978, kasuwar baje koli ta Assihar ta riƙa jawo 'yan kasuwar Nijar da Mali. Farin shekarun 1973 da 1974, da na 1984 da 1985, ya koro dubban makiyaya daga kudu. A bayansu sai ga masu neman aikin gini da lambu da ɗinki da wanki. Ƙidayar 2008 ta sami mutum fiye da dubu 90 a garin. Unguwannin da suka karɓi yawancin baƙin sun haɗa da Tahaggart da Gataa El Oued. Sunan na biyun Larabci ne, ma'anarsa ƙetaren kwari, domin busasshen kogin da ya ratsa garin shi ne iyakar da ake nufi. Tasirin Hausa a birnin ya kai har cikin abinci: gasasshen naman da 'yan Aljeriya ke zuwa Tamanrasset su nema, sunansa a bakinsu mainama. Sunan mai sana'ar ne ya koma sunan abincin.

Hanyar ba ta taɓa zama mai sauƙi ba. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, waɗanda motocinsu suka lalace a arewa da Arlit suna kan hanyar Tamanrasset. Daga Disamban 2014 hukumomin Aljeriya da Nijar suka fara kwaso 'yan Nijar a jerin motoci ana mai da su gida ta Ingizam da Asamaka. Dokar Aljeriya ta 25 ga Yunin 2008 a kan shiga da zaman baƙi ta tanadi kora ga wanda ba shi da izinin zama. Wannan ne ya sa mazaunin Gataa El Oued da ba shi da takardu yake tunani sau biyu kafin ya tafi gida domin sa hannu a wata yarjejeniya, tunda komowa ba ta da tabbas. Yana kuma tunani sau biyu kafin ya shiga ofishin hukuma a inda yake.

6.0 Daga Adilai zuwa Notari

Faransawa sun shigo da notari irin nasu Aljeriya tun shekarun 1840, amma ba su kawar da tsohon tsari nan take ba. Kotun alƙali ta ci gaba da aiki da adilanta, waɗanda suka zama ma'aikatan gwamnati masu muƙami, suna rubuta wa Musulmi takardun aure da gado da ciniki, yayin da ake ta rage ikon alƙalin a hankali, musamman a kan filaye. Allan Christelow ya yi nazarin wannan a littafinsa na 1985. Shi ne kuma a 1994 ya fitar da zaɓaɓɓun shari'o'i daga kundin majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, inda ake ganin yadda rubuta hukunci a rajista ya zama al'ada a ƙarƙashin Ingilishi. A ɓangarorin hamada biyu ke nan mulkin mallaka ya matsar da nauyin hujja daga bakin shaida zuwa littafin ofis.

Bayan 'yancin kai, dokar 15 ga Disamban 1970 ta haɗe tsarin biyu ta mai da notari ma'aikacin gwamnati. Ta 12 ga Yulin 1988 ta sake shi ya buɗe ofishin kansa da izinin hukuma, sai ta 20 ga Fabrairun 2006 ta sake tsara sana'ar. Dokar farar hula ta ƙasar ta wajabta cewa sayar da fili ko gida sai a gaban notari, in ba haka ba cinikin bai ƙullu ba. Dokar 2006 ta ce da Larabci za a rubuta takardar, a sa cikakken suna da ranar haihuwa da wurin haihuwa da ƙasar kowane ɓangare, da sunan tafinta idan an yi amfani da shi.

A nan ne bambancin tsohon tsari da sabo ya fito fili. Adali na da yana shaida a kan mutumin da ya sani, ko wanda amintattu suka gabatar masa. Notari na yau yana shaida a kan mutumin da takardar hukuma ta gabatar masa. Wanda aka haifa a ƙauye ba a yi masa rajista ba, ko wanda katinsa ya salwanta a hanya, ko da unguwa duka ta san shi ta san ubansa, ba shi da abin da zai ajiye a kan tebur.

Sha'anin aure ya ƙara nuna wannan rata. A ƙasar Hausa ango ba ya buƙatar halartar ɗaurin aurensa, wakilinsa ne yake karɓa masa daga waliyyin amarya a gaban jama'a, kuma sau da yawa an ɗaura wa ɗan ci-rani aure yana wata ƙasa. Dokar iyali ta Aljeriya ta 1984 ta yarda ango ya wakilta wani da rubutacciyar takarda, amma gyaran da aka yi mata a Fabrairun 2005 ya soke wannan sashe. Dokar ta kuma ce a gaban notari ko jami'in rajista ake ƙulla aure, wanda aka yi da fatiha kawai sai kotu ta tabbatar da shi kafin ya shiga rajista. Auren da liman ya ɗaura a Gataa El Oued tsakanin baƙi biyu ingantacce ne a idon danginsu, amma 'ya'yan da aka haifa a cikinsa sukan tashi da matsalar takarda.

Ƙofar da ta rage wa baƙo ita ce ƙaramin ofishin jakadanci. Yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba wa irin wannan ofishi damar yin aikin notari da na rajista ga 'yan ƙasarsa, kuma Nijar da Mali duk sun buɗe nasu a Tamanrasset. Takardar wakilci da aka buga wa hatimi a can, ta tafi Matamaye ko Damagaram a hannun direba ko ɗan'uwa, jikanyar wasiƙar alƙali zuwa ga alƙali ce. A can gida kuma, tun bayan dokar karkara ta Nijar ta 2 ga Maris 1993, kwamitocin filaye ne, har zuwa matakin ƙauye inda maigari ke shugabanta, suke ba da takardar shaidar sayar da gona ko kyautarta ko jinginarta. Maigari ya san mai gonar, ya san 'yan'uwansa, saboda haka a wannan mataki sanin mutum bai rasa ƙarfinsa ba.

7.0 Waya, Bidiyo da Hatimin Lantarki

Tun kafin intanet ya yaɗu malaman fiƙihu sun fuskanci tambayar. A Maris na 1990, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke cewa cinikin da aka ƙulla ta wayar tarho hukuncinsa na mutanen da ke zaune wuri ɗaya ne, wanda aka ƙulla ta telegiram ko fakis kuma yana tabbata ne idan tayi ya isa aka karɓa. Amma ta keɓe abu uku: aure, saboda sharaɗin shaidu, da canjin kuɗi, saboda sharaɗin hannu da hannu, da kuma salam, wato biyan kuɗin kaya kafin a kawo su.

A ɓangaren dokokin boko, jihar Bajiniya ta Amurka ce ta fara halatta wa notari yin aiki ta bidiyo, da dokar 2011 wadda ta fara aiki a Yulin 2012. Annobar korona ta 2020 ta tura ƙasashe da yawa kan wannan hanya. Faransa ta ba da izinin wucin gadi a Afrilun shekarar, sannan a Nuwamba ta tabbatar da shi dindindin ga takardar wakilci. Ba haɗuwa ce kawai ba cewa wakilci aka fara sakin wa mara, domin shi ne buƙatar wanda ke nesa tun zamanin Khalil. Aljeriya ta amince da rubutun lantarki a matsayin hujja a gyaran dokar farar hula na 2005, ta kuma kafa ƙa'idojin sa hannun lantarki da dokar 1 ga Fabrairun 2015. Nijeriya ta maye gurbin dokar notari ta 1936 da sabuwa a 2023, wadda ta yarda a tabbatar da takarda ta bidiyo da hatimin lantarki ko da mai sa hannu yana wata ƙasa, gyaran dokar shaida na shekarar kuma ya ba da damar yin rantsuwar kotu ta wannan hanya.

A bisa takarda, ɗan Katsina da ke ɗinki a Gataa El Oued yana iya naɗa ƙanensa wakili ya sayar masa da fili ba tare da ya ƙetare iyaka ba. Sai dai zaman bidiyon da katin shaida yake farawa. Notari zai nemi fasfo ko katin ɗan ƙasa, ya gwada hoto da fuskar da ke gabansa, a kuma ɗauki zaman a ajiye. Na'urar ta share kilomita 400 da ke tsakanin Tamanrasset da Ingizam da duk abin da ke bayansu, amma ba ta yi komai ba a kan mutumin da hukuma ba ta taɓa rubuta sunansa ba. Masu tallar wannan fasaha sukan yi maganar sauƙi ga kowa, alhali waɗanda ta fi yi wa amfani su ne masu takardu cikakku, waɗanda dama suna iya hawa jirgi su je su dawo.

Abin da talakan ci-rani ya fi yi ya sha bamban. Yakan kira gida a waya a lokacin da dattawa suka taru, a buɗe murya kowa ya ji, ya ce ya wakilta wane, ko ya yafe rabonsa, ko bai yarda a sayar ba. Ko kuma ya aika da saƙon murya ta WhatsApp a ajiye. Cikin dukan hujjojin da aka ambata a wannan takarda, wannan ce kaɗai take cikin harshen mai maganar, ba Larabci ba, ba Faransanci ko Ingilishi ba, kuma babu tafinta a tsakani.

Idan rigima ta taso, matsayin irin wannan saƙo ya danganta da kotun da aka je. A babbar kotun Nijeriya, sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana neman bayani a kan na'urar da ta samar da hujjar da kuma ingancin aikinta. Amma dokar ba ta ɗaure kotunan alƙalai a shari'o'in da ba na laifi ba, kamar gado da aure da cinikin gona, inda Mukhtasar da Tuhfa suke da ta cewa. A can kuwa akwai wata tsohuwar mas'ala da ta dace da zancen: Malikiyya sun karɓi shaidar makaho a kan maganar da ya ji, idan ya tabbatar da muryar mai ita ba tare da shakka ba. Dattawan da suka saurari wayar suna iya kafa hujja da wannan su ce sun san muryar ɗansu. Mai musu kuma yana iya cewa makahon da Khalil yake nufi yana zaune ne a ɗaki ɗaya da mai maganar, ba a ƙetaren hamada ba, kuma a zamaninsa babu manhajar da ke kwaikwayon muryar mutum.